Tarihin Wasa Ƙwaƙwalwar Yaro Shi Kaɗai a Katsina ta Kudu

Wasa a ƙasar Hausa abin taro ne. Langa, da kokawa, da gaɗa, da tashe, da 'yar ɓuya, duk sai an taru a ke yinsu, har ma in aka ga yaro ya keɓe a gindin zaure shi kaɗai yana tone-tone, abin da uwarsa za ta fara tambaya shi ne ko lafiya. Saboda haka ne malamai da yawa, har da waɗanda su ke horon malamai a kolejojinmu, suka ɗauka cewa wasan da yaro ke zama shi ɗaya ya warware wata matsala, ya ƙaru da ilmi cikin warwarewar, baƙo ne da Turawa suka kawo cikin akwati. Wannan zato yana da gaskiya ta wani gefe, amma ya bar rabin labarin a baya. Kuma barin nan yana da hasara, domin malamin da ya gaskata cewa sai da akwati a ke yin irin wannan wasa, in aka tura shi ƙauyen da babu akwatin, sai ya naɗe hannu ya koma ga hadda da bulala.

Kafin mu shiga, ya kamata mu iyakance abin da mu ke nufi. Wasan da mu ke magana a kansa yana da sharaɗi uku. Na farko, yaro ɗaya ya isa ya yi shi. Na biyu, akwai matsala a ciki wadda ta ke da amsa. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, abin wasan da kansa ne ya ke nuna wa yaro ya yi kuskure, ba sai wani babba ya tsaya a kansa ba. Da wannan ma'auni za mu auna abin da muka gada da abin da aka kawo mana.

Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga Tsiga, wani gari na manoma cikin ƙasar Bakori, a yankin nan na Funtuwa da Malumfashi da masana tarihi, irin su marigayi Yusufu Bala Usman, su ke kira Katsina Laka. Ƙasa ce mai nauyi, mai ruwa fiye da arewacin Katsina, ƙasar dawa da masara da auduga. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, wadda aka gama cikin 1929, ta ratsa Funtuwa, kamfanin auduga na Ingilishi kuma ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Watau dai wuri ne da kuɗi da awo da lissafi suka shiga da wuri, amma kayan wasan yaro har kwanan nan daga gona su ke fitowa.

Abin da gona ta bayar

Da zarar an girbe dawa an kwantar da kara, yaro ya sami ma'aikata. Ya fere ɓawon kara ya zama tsinke, ya yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, ya soka wannan cikin wancan, sai ga mota, ko jirgi, ko keke, ko tabarau. Waɗansu za su ce wannan sana'a ce, ina ruwanta da wasa ƙwaƙwalwa? Amma a auna ta da sharuɗɗan nan uku. Yaro shi kaɗai ya ke yi. Matsala tana nan, watau yadda ƙafa huɗu za su taɓa ƙasa tare, su kuma juya. In ya yanka wata ƙafa ta fi wata, motar da kanta za ta karkace ta gaya masa, babu wanda zai buɗe baki. Ya kwance, ya sake awo, ya mayar. Haka kuma 'yar carafke da 'yan mata ke yi da tsakuwa: ko da ya ke da abokiya a ke gasa, yarinya ita kaɗai ta kan zauna ta yi ta jefawa tana kwasa ɗaya-ɗaya, sa'an nan biyu-biyu, sa'an nan uku-uku, kuma cikin haka ta ke gane yadda adadi ɗaya ke rabuwa gida-gida tun ba ta san sunan rabawa ba.

Dara kuwa ta mutum biyu ce, gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, kuma ta manya ce a gindin bishiya da rani. Ba ta shiga lissafinmu, sai dai a tuna cewa yaron da aka kora daga wurin darar manya ya kan koma gefe ya tona nasa ramukan ya yi ta jera uku shi kaɗai, yana wasa da hannun dama yana kāre da na hagu.

Kacici-kacici da ɗan'uwansa

Turawan farko da suka tattara adabin baka sun sami kacici-kacici birjik. Frank Edgar ya sa waɗansu cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da ya fito tsakanin 1911 da 1913, Tremearne ma ya kawo nasa cikin 1913. Amma kacici-kacici wasan dandali ne, sai da mai tambaya da mai amsa, in an gaza a ce an ba da gari. Kuma a faɗi gaskiya, yawancinsa hadda ne. Yaron da ya san amsa ji ya yi a bakin yayarsa, da wuya a sami wanda ya gano ta da tunaninsa. Amfaninsa ga harshe da lura da siffofin abubuwa babba ne, sai dai bai cika sharaɗinmu na uku ba.

Ɗan'uwansa da mu ke kira wasa ƙwaƙwalwa shi ne ya cika. Kowa ya san labarin mutumin da ya iso bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, jirgin kuwa ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, kura ta ci akuya. In ya bar akuya da harawa, akuya ta ci harawa. A bakin wani a ke jin tambayar, amma da zarar an ji ta, yaro ba ya bukatar kowa. Ya ja layi a ƙasa ya ce ga kogi, ya ɗauki dutse da kara da ganye, ya yi ta ƙetarewa, kuma duk sa'ad da ya kuskure shi da kansa zai ga an bar akuya da abin da bai kamata ba. Amsar ƙetarawa bakwai ce: ya kai akuya, ya komo, ya kai kura, ya komo da akuya, ya kai harawa, ya komo, ya ɗauko akuya. Duk dabarar tana cikin ƙetarawa ta huɗu, inda sai an mai da abin da aka riga aka kai. Yaro ƙarami ba ya son komawa baya, gani ya ke aikinsa ne ya ke rushewa. Ranar da ya yarda cewa wani komawa baya ci gaba ne, ya koyi abin da zai yi masa amfani cikin lissafi har ya girma.

Wannan tambaya ba tamu ce mu kaɗai ba. Tana cikin wani tarin matsaloli fiye da hamsin na Latin da a ke danganawa ga Alkuwin, malamin fadar Sarki Sharlaman, wanda ya rasu cikin 804, da kyarkeci da akuya da kabeji, kuma sunan littafin ma yana nufin wasa hankalin samari. Cikin 1990 wata masaniyar lissafi ta Amurka, Marcia Ascher, ta gwama yadda a ke ba da ita a ƙasashe dabam-dabam, ta nuna cewa a waɗansu wurare na Afirka jirgin abu biyu ya ke ɗauka bayan mai shi, wanda ya sa ginin matsalar ya sake. Wannan ya isa ya nuna cewa mutanen Afirka sun juya tambayar da hankalinsu, ba haddace ta kurum suka yi daga baƙi ba.

Hatimi

To, yanzu mun zo ga abin da ya fi dacewa a daɗe a kansa, domin a nan ne ƙasar Katsina ta ke da suna wanda duniya ta sani, mu kuwa 'yan gida ba mu cika ambatonsa ba.

Cikin ƙarni na goma sha takwas an yi wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace, wanda Larabawa su ke kira Alkashnawi, watau Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasashenmu, cikin malamansa har da Muhammadu Alwali na Bagarmi, sa'an nan ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira. Can ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, uban Abdurrahman Aljabarti mai tarihin Masar, kuma a gidan ya rasu cikin 1741. Ɗan mai gidan ya ba da labarinsa cikin tarihinsa. Cikin 1732 ya gama wani littafi da Larabci, Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da aufaƙi, watau abin da mu ke kira hatimi. Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kan wannan malami cikin 1967 a mujallar cibiyar ajiye littattafan Larabci ta Jami'ar Ibadan, Claudia Zaslavsky kuma ta kai labarinsa ga malaman lissafi na duniya cikin littafinta Africa Counts na 1973.

Mene ne hatimi in an tuɓe masa rigar asiri? Murabba'i ne da aka raba gida-gida, a zuba lambobi, kowace sau ɗaya, yadda in an tara kowane jeri, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za a samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda malamai su ke kira musallasi. Ga shi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina aka bi, 15 ne. Kusurwoyinsa huɗu su ne 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda a lissafin abajada su ne haruffan ba da dal da wau da ha, shi ya sa a ke kiransa buduhu a ƙasashen Musulmi da yawa.

Bari mu nuna wa malamin makaranta irin tunanin da ke ƙunshe cikin ɗan wannan abu. Daga 1 zuwa 9 in an tara 45 ne. Jeri uku ne a kwance, kuma dole su yi daidai, saboda haka kowane jeri 15, babu wata jimla da za ta yiwu. Sa'an nan layi huɗu ne su ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Cikin layukan nan huɗu kowane gida ya shiga sau ɗaya, ban da na tsakiya da ya shiga sau huɗu. Ashe 60 ita ce 45 da na tsakiya sau uku, watau na tsakiya sau uku 15 ne, shi kuwa 5. Yaron da ya yi kwana biyu yana sa 9 ko 1 a tsakiya yana ganin abin ya ƙi, sa'an nan aka bi da shi ta wannan hanya, ya ɗanɗana abin da masu lissafi su ke kira hujja, watau sanin dalilin da ya sa abu ba shi yiwuwa sai ta hanya ɗaya. Musallasi takwas ne kaɗai a ke iya rubutawa, su ma duk guda ne aka juya ko aka kifa. Amma da an hau zuwa mai gida goma sha shida, wanda jimlarsa 34 ce, sai a sami iri 880 dabam-dabam, kamar yadda wani Bafaranshe, Frenikil, ya ƙididdige aka buga cikin 1693. Mai gida ashirin da biyar jimlarsa 65.

Alkashnawi ya ba da hanyoyi na cika hatimin da gefensa mara ne, kamar uku da biyar da bakwai, har da wadda a ke tafiya irin tafiyar doki a darar nan da Larabawa su ke kira shaɗaranji. Hanya mafi sauƙi ga yaro ita ce wadda jakadan Faransa a Siyam, La Lubar, ya buga cikin 1691. A sa 1 a tsakiyar jerin sama. Daga nan kowace lamba ta hau gida ɗaya sama ta kuma matsa ɗaya dama. In ta fita ta sama ta shigo ta ƙasa, in ta fita ta dama ta shigo ta hagu. In gidan da za ta shiga da mai shi, ko kuwa ta fita ta kusurwa, sai ta sauka ƙarƙashin wadda ta gabace ta. Mai karatu ya gwada da gida tara, zai ga musallasin nan na sama ya fito a kife.

Kada fa a fahimce mu a karkace. Alkashnawi bai rubuta littafinsa don yara ba, kuma ba wasa ya ɗauki abin ba. A wurinsa ilmi ne na asirin haruffa, ya kuma gargaɗi mai nema da ya yi aikinsa a ɓoye, kamar yadda ya gargaɗe shi kada ya yi saurin fid da rai in abin ya ƙi. Wannan ɓoyo shi ne ya tsare hatimi a zauren malami. Almajiri ƙarami ya kan ga malam yana zana shi a allo ko a takardar laya, ya kan ma kwafa in an sa shi, amma ba a buɗe masa yadda a ke ginawa sai ya yi nisa ƙwarai, in ma an buɗe. Malaman addini kuwa tun dā sun saɓa a kan halaccin amfani da shi don neman biyan bukata, wa'azi a kan haka ya kuma ƙara ƙarfi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978. Wannan muhawara tasu ce, ba ta wannan takarda ba. Abin da ya shafe mu shi ne, tsakanin masu ɓoyewa da masu ƙyama, lissafin da ke ciki ya faɗi ƙasa babu mai ɗauka, alhali tara 4 da 9 da 2 ba shi da wani hukunci dabam da tara kuɗin auduga.

Haka abin ya ke ga ramzi, watau ɓoye shekara cikin kalma, wanda mawaƙan ƙarni na goma sha tara su ke rufe waƙoƙinsu da shi. Malamanmu lissafin abajada na Magariba su ke bi, inda shin ta ke 1000, ra 200, fa 80. Kalmar da aka gina da waɗannan uku ta ba da 1280 ta Hijira, wadda ta faɗa cikin 1863 da 1864. Ɗalibin da aka ba baitin ƙarshe ya fid da shekara, wasa ƙwaƙwalwa ya ke yi shi kaɗai, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Akwatin Turawa

A Turai ma abin bai daɗe ƙwarai ba. Wajen 1766 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katako ya yanyanka ta bisa iyakokin ƙasashe, don 'ya'yan masu hali su harhaɗa su koyi labarin ƙasa. Daga nan hoton nan da a ke yankawa a harhaɗa ya samo asali. Frobel na Jamus, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan lambun yara cikin 1840, ya shirya 'yan gumagumai na katako da a ke rabawa a mayar. Wadda ta kai abin matuƙa ita ce likita Mariya Montesori, da ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum cikin 1907. Cikin kayanta akwai gungume mai rami goma da turame goma, kowane da raminsa. In yaro ya sa ƙarami a babban rami, a ƙarshe zai ga turmi ɗaya ya rage a hannunsa babu inda zai shiga, sai ya koma ya nemi inda ya ɓata. Ta gina tsarinta a kan cewa kaya su yi gyara, malama ta ja baya ta zuba ido. Mai karatu zai ga wannan shi ne sharaɗinmu na uku, kuma shi ne abin da musallasi ya ke yi tun ba a haifi Montesori ba. Abin da ta fi mu da shi, ta jera kayan daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ta rubuta dalili, ta horar da malamai a kai.

Sa'ad da boko ya shigo Arewa, ba ta wannan ƙofa ya shigo ba. Makarantar da Hans Fisha, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 ta 'ya'yan sarakuna ce da malamai da masu koyon sana'a. Kolejin Katsina, da Gwamna Kilifod ya buɗe cikin 1922, an kafa ta don fid da malamai, amma bukatar zamanin ita ce a sami masu karatu da rubutu da lissafin da zai riƙe littafin haraji na En'e. Takardar manufar ilmi da gwamnatin Ingila ta fitar cikin 1925 ta ce a daidaita karatu da al'adun mutane, sai dai a aikace abin da aka fahimta da haka shi ne noma da saƙa da sassaƙa. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dokta East, da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da NORLA daga 1954, sun yi wa karatun Hausa aikin da ba a mantawa, amma ƙarfinsu ya tafi ga littafi da yaƙi da jahilcin manya. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ba ya cikin shirin kowa, yana wurin uwarsa ko makarantar allo. Abin mamaki, an yi shekaru ana horon malaman lissafi a birnin Katsina, garin da Alkashnawi ya ke ɗauke da sunansa, amma sai daga Ibadan da Amurka aka tuna wa duniya da shi.

Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda malamai da kujeru za su ɗauka. Manufar ilmi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa cikin 1977, ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen gida, ta kuma yi maganar koyarwa ta hanyar wasa. Magana ce mai kyau a takarda. Amma malamin da ke gaban yara tamanin, ba shi da alli isasshe, ina zai sami gungumen Montesori? Kayan suka tsaya a makarantun kuɗi na birane, ƙauye kuwa ya ci gaba da maimaita abin da malam ya faɗa da ƙarfi.

Zamanin waya

Abin da akwati ya kāsa, waya ta yi cikin shekaru kaɗan. Wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, kuma wasan macijin nan na wayoyin Nokia shi ne wasan mutum ɗaya na farko da yara da yawa na ƙauye suka taɓa yi a na'ura. Daga baya manyan wayoyi suka zo da wasannin harhaɗa hoto da jera siffofi da haɗa baƙaƙe, jikokin Spilsbury da Montesori, da kuma Sudoku, wanda in an dube shi da kyau dangin hatimi ne. Cikin 2007 an gwada raba wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta a wata firamare a Galadima kusa da Abuja, shirin bai yaɗu ba. Gwajin da ya fi ba da darasi shi ne na gasar XPRIZE a lardin Tanga na Tanzaniya, inda aka ba yara wajen 2,700 a ƙauyuka 170 allunan lantarki masu wasannin karatu da lissafi, suka yi wata goma sha biyar suna koyo da kansu, aka raba kyautar cikin 2019 tsakanin Kitkit School da onebillion. Abin lura a nan, da Sawahili aka yi wasannin, harshen da yaran su ke ji. Mafi yawan abin da ke cikin wayar uba a Tsiga da Turanci ya ke magana, ya nuna wa yaro tufa da dusar ƙanƙara, yaron da bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Ya kan gane inda zai danna, amma rabin darasin ya wuce shi. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare duka cikin 2022, sa'an nan ta janye cikin 2025, kuma irin wannan kai-komo ba ya ƙarfafa wa mai son zuba dukiya ya ƙera wasanni da Hausa.

Akwai kuma wani dalili mai ɗaci da ya sa wannan magana ta wuce ta nishaɗi. Wasannin taro da muka fara ambata dandali su ke bukata, da farin wata, da kwanciyar hankali. 'Yan bindiga sun raba ƙauyuka da yawa na wannan yanki da ukun duka. Cikin Disamba 1920 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma cikin Disamba 2020 an kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu. Cikin Fabrairu 2025 a Tsiga kanta aka ɗauke Janar Maharazu Tsiga, tsohon shugaban hukumar 'yan hidimar ƙasa, daga gidansa, sai cikin Afrilu ya kuɓuta. Inda a ke kulle ƙofa da magariba, yaro yana ɗaka, kuma wasan da zai yi shi ɗaya ya zama shi ne wasan da ya rage masa. Waya ma ba abin dogara ba ce ɗungum: cikin Satumba 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni babu su.

Saboda haka shawararmu ga kolejojin horon malamai ita ce a jera abin da ke hannu kamar yadda Montesori ta jera nata. Ɗan shekara huɗu ko biyar a zana masa gida tara a ƙasa, a ba shi tsakuwa uku, da ƙwayar masara uku, da angurya uku, a ce ya zuba yadda iri ɗaya ba zai haɗu sau biyu a jeri ɗaya ba, a kwance ko a tsaye. Hanya 12 ce a ke iya yi, kuma idonsa ya isa ya nuna masa kuskure. Ɗan shekara shida a ba shi kura da akuya. Wanda ya iya tarawa har 15 a ba shi musallasi da gidan tsakiya a cike, daga baya a ba shi wofi, a kuma gaya masa sunan Bakatsinen da ya rubuta littafi a kan wannan. Ga ɗaliban sashen Hausa kuma akwai aikin tattarawa, domin Edgar da Tremearne abin da a ke faɗa da baki suka rubuta, abin da yaro ke yi da hannu a ƙasa bai shiga takardunsu sosai ba. Tsofaffin da suka yi yarinta kafin zuwan rediyo su ne za a tambaya, mata da maza, Musulmi da Maguzawan yankin, a zana kowane wasa da sunansa da ƙa'idarsa da garin da aka same shi. Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne bayan an kai dawa rumbu an sayar da auduga, sa'ad da kara ya ke zube a gona, mutane kuma suna da sararin zama.